Lambar da Ake Manna wa Ciwonka: Zazzaɓin Sauro, Ƙwaƙwalwa da Kuɗin Asibiti

 Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan kiwon lafiya, daga nan Abuja.  

Maganarmu ta yau a kan takarda ce: layin nan guda da likita ke rubuta sunan ciwo a fayil, da lambar da ake manna wa sunan a ɗakin kati, da bil ɗin da ke biyo baya. Domin abin ya fito fili, za mu ɗauki rukuni ɗaya na cututtuka, wato zazzaɓin da sauro ke kawowa wanda ba maleriya ba ne, wanda wani lokaci yakan haura ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

A wurin yawancinmu, sauro ciwo ɗaya yake kawowa. Ba laifinmu ba ne, tunda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke. Amma sauron maleriya, mai cizon dare, ba shi kaɗai ba ne a gidajenmu. Akwai wani ɗan baƙi mai zanen fari a ƙafafu, masana na kiransa Aedes. Shi da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma dab da magariba, lokacin da ba wanda ke cikin gidan sauro. Kuma ruwan da muka tara da hannunmu yake so: durom ɗin da ba a rufe ba, randa, jarkar mai ruwa, tsohuwar taya a bakin shagon mai faci. Wanda ya zauna a Nyanya, ko Lugbe, ko Dutsen Alhaji, ya san yadda rashin famfo ke sa kowane gida ya tara ruwa. Wannan sauron ne ke ɗauko shawara, da denge, da cikungunya, da Zika. Akwai kuma sauron kwata, Culex, wanda ke ɗauko ƙwayar zazzaɓin Yammacin Nilu daga jikin tsuntsaye ya zuba wa mutum. Duk waɗannan ƙwayoyin bairos ne, maganin maleriya ba ya yi musu komai.

Kada wani ya ɗauka cututtukan wata duniya ne. A Ibadan aka gano ƙwayar denge a jinin marasa lafiya tun shekarun 1960. Shawara ta dawo mana a watan Satumba na 2017 daga ƙaramar hukumar Ifelodun a jihar Kwara, a 2019 kuma ta ɓarke a Alkaleri ta jihar Bauchi. A ƙarshen 2023 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato: mutum 71 aka yi zargi, gwaji ya tabbatar da 13, a Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. A 2023 ɗin dai denge ta kashe kimanin mutum 700 a Burkina Faso. Masu bincike a Jami'ar Maiduguri kuwa sun wallafa a 2013 cewa sun samu alamun waɗannan ƙwayoyi a jinin mutanen da aka ɗauka maleriya ko taifot ke damunsu.

Yawancin wanda ya kamu yakan tashi bayan 'yan kwanaki, wani ma ba ya sanin ya kamu. A zazzaɓin Yammacin Nilu, mutum takwas cikin goma ba sa jin komai. Amma kusan ɗaya cikin 150 ƙwayar kan kai masa ƙwaƙwalwa ko laka: wuya ya sanƙare, ya riƙa sambatu, ya yi jijjiga, ko ƙafa ta saki kamar ta shan inna. Denge mai tsanani takan gusar da hankali. Cikungunya ta kumbura ƙwaƙwalwar jarirai da tsofaffi a tsibirin Reyuniyon a 2005 da 2006. Zika kuwa duniya ta gani a Barazil a 2015, inda aka riƙa haifar jarirai da ƙaramin kai, manya kuma wasu suka kamu da ciwon Giyan-Bare, shanyewar da ke farawa daga ƙafa tana hawa sama har ta iya tsayar da numfashi.

Bari in yi gargaɗi tun kafin mu yi nisa. A Abuja, yaron da ke zazzaɓi yana jijjiga, abin da ya fi yiwuwa shi ne maleriyar da ta hau kai ko sanƙarau, kuma dukansu suna kisa cikin gaggawa. A garzaya asibiti. Ba turare, ba ɗura masa man ja, ba jiran gari ya waye.

(Ɗan kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake rubuta sunan ciwo a asibiti, da yadda rubutun ke shafar aljihu.

Mu ɗauki misali. A ce wani ma'aikacin gwamnati ne a Kubwa, yana da inshorar lafiya, yana da 'ya 'yar shekara tara. A ƙarshen damina zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai, da ciwon bayan ido. Aka je kemis, aka ce maleriya da taifot. Kwana uku ba sauƙi, aka tafi asibitin da katinsu yake. Aka soki yatsa, gwajin maleriya bai nuna komai ba, amma a fayil aka rubuta maleriya, aka yi allurai. A rana ta biyar yarinya ta daina gane uwarta. Likita ya ce sai babban asibiti. Uban ya tsaya a gaban tagar ofishin inshora, takardar turawa a hannu, waya a kunne.

"Malama, don Allah a duba mana, jikin ya rikice."

"Yi haƙuri, Baba, mun tura. Kod muke jira."

A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu, domin jama'a kan haɗa su. Kod ɗin da malamar ke jira lambar izini ce daga kamfanin da ke kula da inshorar, wato HMO, wadda ke nufin an amince a yi aikin kuma za a biya. Ita kuma lambar ciwo daban ce, kuma a kanta ake dogara kafin a ba da ta izinin.

Lambar ciwo ta fito ne daga wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD. Asalinsa jerin musabbabin mutuwa ne da wani Bafaranshe, Jak Bertiyon, ya tsara a 1893. Hukumar ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na goma, ICD-10, shi ne wanda asibitoci da kamfanonin inshora da dama ke aiki da shi har gobe, ko da yake na goma sha ɗaya ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022. Kamar lambar mota ce: ko ba ka san direba ba, ka ga lamba ka san daga ina take. Likita a Gwagwalada da likita a Alƙahira ba sa jin yaren juna, amma duk wanda ya ga A95 ya san shawara ce. A92.0 cikungunya. A92.3 Yammacin Nilu. A92.5 Zika. Denge a tsohon tsari A90 ce da A91, a sabon gyara kuma A97, mai tsananinta A97.2. Maleriyar da ta hau kai B50.0.

Inda ƙwarewar take shi ne, ciwon da ya taɓa jijiya lamba ɗaya ba ta cika ɗaukar labarinsa. Ana son a nuna ƙwayar, a kuma nuna ɓarnar da ta yi. Wanda Zika ta jawo masa Giyan-Bare, za a sa A92.5 a kuma sa G61.0. Amurkawa, da zazzaɓin Yammacin Nilu ya shigar musu ta birnin Niyok a 1999, sun ƙara wa nasu kundin rassa: A92.31 na nufin ƙwayar ta kumbura ƙwaƙwalwa. Idan kuwa likita ya tabbata kumburin ƙwaƙwalwa ne na bairos amma ba a gano wace ƙwaya ba ce, kundin bai tilasta masa ƙarya ba, akwai A86. Har wanda ya warke amma ciwon ya bar masa tabo, ya rage ji, ko ya riƙa farfaɗiya, ko hannu ya ƙi aiki, yana da tasa lambar, B94.1. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wa ke sa lambar? Mutanen nan da muke kira 'yan ɗakin kati, waɗanda muke ɗauka aikinsu kawai neman fayil ne a kan kanta. Sana'a ce da ake karantawa, tana da hukumar rajista tun 1989. Ƙa'idarsu ta farko ita ce ba sa rubuta abin da likita bai rubuta ba. In likita ya rubuta maleriya kawai, B54 za su sa, wato maleriyar da ba a fayyace ba, ko da yarinyar ta kwana goma ba ta san inda kanta yake ba. In ya rubuta zazzaɓi ya aza alamar tambaya, R50.9 ke nan, zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba. In kuma rubutun likitan ya gagari karatu, to sai abin da hali ya yi.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa an kafa ta da dokar 1999, ta fara aiki a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka mayar da ita NHIA, hedikwatarta na Utako, dokar kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Birnin Tarayya ma yana da nasa shirin, FHIS. Biyan asibitoci kashi biyu ne. Ƙaramin asibitin da ka yi rajista, kuɗin kai ake ba shi duk wata, ka je ko ba ka je ba. Shekara da shekaru naira 750 ne a kan kowane mutum, a 2025 kuma aka kai shi 1,450. Daga cikin wannan ne za a duba ka, a yi gwajin maleriya, a ba ka magani, kai kuma ka biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin. Babban asibiti kuwa aiki-aiki ake biyansa: gado, ɗibar ruwan baya, hoton kai, ganin likitan jijiyoyi, ɗakin kulawa ta musamman, kowanne da farashinsa, kowanne kuma sai da izini.

To ka sa kanka a kujerar ma'aikacin HMO. Takarda ta zo gabanka, an nemi hoton MRI na kai da ɗibar ruwan baya, amma lambar ciwon B54 ce. Me za ka ce? Za ka ce maleriya ba ta buƙatar wannan, ka dawo da takardar. Asibiti ya juya ga uban yarinya ya ce a biya tukuna. Shi kuma ya fara kiran 'yan'uwa. Da an rubuta ana zargin kumburin ƙwaƙwalwa, an jero alamun, an nuna gwajin maleriya bai nuna komai ba, da hujjar ta tsaya da ƙafarta. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin an biya da an ƙi biya ba ta wuce layi biyu na rubutu.

Ba na wanke kamfanonin inshora. Jinkirin ba da izini koke ne da ya daɗe, har sai da NHIA ta ba da umarni cewa daga 1 ga Afrilun 2025 a riƙa ba da lambar izini cikin awa ɗaya. Ba na kuma wanke asibitoci, domin akwai masu kumbura ciwo a takarda don bil ya yi nauyi, wannan kuwa zamba ce, kuma ita ke sa kamfanoni zargin kowa. Abin da nake cewa shi ne, a gaskiyar rubutu marar lafiya yake da riba. Kuma ko an yi komai daidai, inshora ba ta ɗauke duka ba. A ƙa'idojin 2012 rabin kuɗin hoton CT da MRI kawai take biya. Ka tambayi kamfaninka abin da tsarinka ya ƙunsa tun kana lafiya. Sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

Na san wani yana can yana cewa, Malam, ni ina ruwana da kod, ko inshorar ba ni da ita. Gaskiyarka, ku ne ma kuka fi yawa: fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Amma kai ne ka fi kowa asara in an yi wa zazzaɓinka kuɗin goro. Kai za ka sayi allurar maleriya zagaye na biyu, ka sayi maganin taifot a kan gwajin Widal da ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, ciwon na nan yana cin gabansa. Akwai ma haɗari. Mai denge ba ya shan asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac, domin suna iya jawo masa zubar jini. Farasitamol ne nasa, da ruwa, da sa ido.

Wani kuma zai ce, tunda waɗannan ƙwayoyi ba su da magani na musamman, mene ne amfanin sanin sunansu? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne, jinyar ta tallafa wa jiki ce har ya yi nasara. Amma suna yana gaya wa likita abin da zai yi tsaro a kansa. A denge, ranakun da zazzaɓi ya sauka su ne na haɗari. A shawara, waɗanda suka shiga mataki na biyu, ido ya yi ɗorawa, jini ya fara fita, rabinsu kan rasu cikin kwana bakwai zuwa goma. Giyan-Bare kuwa yana da magani, mai tsada ƙwarai, kuma ba kamfanin da zai amince da shi a kan lambar maleriya.

Akwai kuma lissafin ƙasa, wanda a ganina nan ne babbar asarar take. Abin da aka rubuta a rajistar asibitocin Bwari da Kuje da Kwali da Abaji shi ake tattarawa duk wata a shigar a rumbun bayanai na ƙasa, da shi ake tsara kasafi da sayen kayan gwaji. NCDC na Jabi, babban ɗakin gwajinta na Gaduwa, duka a cikin garin nan. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda aikinsa ne ya ɗauki rahoto ya tura jini. Amma ɗakin gwaji ba ya gwada jinin da ba a aika masa ba. Likita bai yi zargi ba don bai saba gani a alƙaluma ba, alƙaluman ba su nuna ba don ba a gwada ba, ba a tanadi kayan gwajin ba don alƙaluma sun ce ciwon babu shi. Haka ake ta zagaye. Lokaci ma yana da muhimmanci: ƙwayar denge a makon farko ake kama ta a jini, bayan nan sai dai a nemi sawunta. Mun riga mun ga amfanin kai rahoto a wani wurin. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana kai rahotonsa a gwada bayan gidansa, kuma wannan naci na cikin abin da ya sa aka ayyana kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020.

Mu koma kan lambar nan B94.1. A ce yarinyar Kubwa ta farfaɗo, aka sallame ta, amma ƙafar hagu na ja, karatu kuma ya koma baya. Za ta buƙaci gashin ƙafa wata da watanni, da maganin farfaɗiya, wataƙila da gwajin ji. Duk ranar da uban ya je neman izinin gashi, za a tambaye shi daga ina matsalar ta samo asali. In takardar sallama ta ce maleriya ce aka yi maganinta ta warke, ba shi da abin nunawa. Iyalai da yawa a nan suke gajiya, su koma gida, a ce iska ce ta taɓa yarinya.

Saboda haka, 'yan'uwa, in Allah Ya jarrabce ku da jinya irin wannan, ku tambayi likita cikin ladabi: "Likita, me aka rubuta a matsayin ciwon? An tabbatar ne ko zargi ake?" In gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha magani kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, ku tambaya ko akwai wani gwajin. Ku gaya masa in an yi tafiya, ko in maƙwabta na fama da irin ciwon. Ranar sallama kada ku fita sai da takarda mai ɗauke da sunan ciwon da illar da ya bari, da sakamakon gwaje-gwaje, da bil mai bayani dalla-dalla. Haƙƙinku ne, yana cikin kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Ku adana rasit, ku ɗauki hotonsu a waya, ku rubuta lambar izini da lokacin da aka nema. In kamfani ya ƙi biya, ku nemi dalilin a rubuce, ku kai ƙara NHIA.

Ku kuma likitocinmu da ma'aikatan ɗakin kati, mun san layin da ke gabanku, mun san ƙarancin hannu. Duk da haka muna roƙo: in ba maleriya ba ce, kada a rubuta maleriya. A rubuta abin da aka gani, a rubuta illar da ta biyo baya, a sanar da jami'in sa ido.

A gida kuma a rufe durom da randa, a kife gwangwanaye, a zubar da ruwan taya duk mako. Allurar shawara kyauta ce ga jariri a wata tara, kuma guda ɗaya ta isa har tsawon rai. In kun ga zazzaɓi mai ɗorawar ido, ko zubar jini, ko gushewar hankali yana kama mutane a unguwarku, ku kira NCDC a 6232, kiran kyauta ne.